Ƙwayar katako a gidajen Turai: me ya sa farashinta ya bi na gas ya tashi?

Duk shekara idan sanyi ya kawo jiki a Turai, tambaya ɗaya ce ke dawowa bakin magidanta: wanda ya cire tukunyar ɗumama gida mai aiki da mai ko gas daga gidansa ya sa mai ƙona ƙwayar katako, shin ya tsira daga hawa da saukar farashin makamashi? Da haka aka tallata masa ita. An ce itace na gida ne, daga dazukan ƙasa ake samunsa, babu ruwansa da bututun Rasha ko rijiyoyin mai na Gabas ta Tsakiya. Sai ga shekarar 2022. A Jamus, tan ɗaya da ake saya kusan euro 230 a 2021 ya haura euro 750 a watan Satumba. A Faransa buhu mai kilo 15 da aka saba saye euro 5 ya wuce euro 10, wani wurin ma ko da kuɗinka ba za ka samu ba. Mutane da yawa sun ɗauka 'yan kasuwa ne kawai suka haɗa baki. Lamarin ya fi haka zurfi, kuma 'yan uwanmu da ke zaune a Italiya da Jamus da Faransa, waɗanda wasunsu da irin wannan murhu suke ɗumama ɗakin haya, suna da buƙatar sanin yadda kasuwar take tafiya.

Mece ce ƙwayar katako

Dusar katako ce da ake tarawa daga masana'antun yankan gungume, a busar da ita, a niƙe, sannan a matse ta da ƙarfi ta cikin ƙananan ramukan wani faifan ƙarfe. Zafin matsar yana narkar da wani ƙaro da ke cikin itacen kansa, shi ne yake riƙe ƙwayar ya kuma ba ta sheƙi. Ba a sa mata gam. Wasu masana'antu suna ƙara ɗan sitaci, amma ƙa'ida ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin ɗari ba. Abin da ke fitowa 'yan guntaye ne masu kaurin milimita 6, tsawonsu bai wuce milimita 40 ba. A jikin buhu za ka ga an rubuta pelet.

Amfanin wannan wahala shi ne rage ruwa da rage girma. Ɗanyar dusa kusan rabinta ruwa ne, ita kuwa ƙwaya mai kyau danshinta bai wuce kashi 10 cikin ɗari ba. Kilo ɗaya yana ba da zafi kimanin kilowat-awa 4.8, wato kusan yunit biyar na mitar lantarki. Saboda haka kilo 2 na ƙwaya suna daidai da lita ɗaya ta man ɗumama gida, ko kubik mita ɗaya na gas. Wannan ma'auni shi ne ginshiƙin duk lissafin da zai zo nan gaba.

Akwai matakan inganci, kuma tambarin da aka fi sani a Turai shi ne ENplus. Mataki na A1, wanda aka yi domin gidaje, tokarsa ba ta wuce kashi 0.7 cikin ɗari. A2 yana kai 1.2, matakin B kuwa 2. Bambancin kamar kaɗan ne a takarda, amma gidan da ke ƙona tan 5 a shekara zai kwashe toka kilo 35 da A1, kilo 60 da A2, kuma ƙaramin murhu ba ya jure yawan toka.

Kasuwa biyu ce a ƙarƙashin suna ɗaya

Na farko akwai murhun ɗaki, wanda Italiya da Faransa suka fi yawan amfani da shi. Ƙarfinsa kilowat 6 zuwa 10, ana zuba masa buhu da hannu, wani ƙarfe mai murɗi yana turo ƙwaya kaɗan-kaɗan cikin kaskon wuta, fanka tana hura zafin cikin ɗaki. Yana cin rabin kilo zuwa kilo 2 a awa, gwargwadon yadda aka buɗe shi. Mai irin wannan murhu buhu yake saye, ko dai ɗai-ɗai a kanti ko kuma jeri guda na buhu 65 zuwa 70, kusan tan ɗaya ke nan.

Na biyu akwai babbar tukunya da ke ƙarƙashin gida tana dafa ruwan da ke zagaya ɗakuna da na wanka. Ita ce ta fi yawa a Ostiriya da kudancin Jamus. Ba a kawo mata buhu. Tanka ce ke zuwa ta hura ƙwaya ta mesa zuwa cikin ɗakin ajiya, sau ɗaya ko biyu a shekara. Gidan da a da yake shan lita 2,500 na mai zai buƙaci kusan tan 5.

Wannan rabuwa tana da tasiri a kan wanda wahala ta fi faɗa wa. Mai tukunya yana da rumbu, yana iya cikawa lokacin araha ya zauna shekara guda. Mai buhu, musamman ɗan haya da ba shi da wurin ajiya, yana saye ne a tsakiyar sanyi lokacin da kaya suka fi tsada, ga kuɗin leda da na kanti a kai. Talaka ne yake biyan farashi mafi muni a wannan kasuwa, kuma ba kasafai ake maganarsa ba idan ana kawo matsakaicin farashin tan.

Bayan waɗannan biyu akwai wata kasuwa ta uku da ba ta shafi gidaje kai tsaye ba: tashoshin lantarki. Tashar Drax da ke arewacin Ingila ita kaɗai tana ƙona kusan tan miliyan 7 a shekara, yawancinsa daga kudancin ƙasar Amurka da Kanada. Denmark da Holan ma suna da irin waɗannan tashoshi. Ƙwayar da suke ƙonawa ba ta kai ta gida inganci ba, amma dusar da ake yin su duka ɗaya ce.

Abin da ya haɗu a 2022

Abu na farko, kuma wanda aka fi mantawa da shi: ba domin ƙwaya ake sare bishiya a yawancin tsakiyar Turai ba. A Jamus kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙwayar ana yin ta ne daga ragowar masana'antun yankan katako. Idan aka yanka gungume, kusan kashi 60 ne ke zama katakon gini, sauran ya tafi a dusa da ɓarɓashi. Ke nan yawan ƙwayar da za a samu bai dogara ga yawan masu jin sanyi ba, ya dogara ne ga yawan masu gina gidaje. Tsakanin 2018 da 2020 fari da wani ƙwaro mai cin ɓawon bishiya sun kashe dazuka masu yawa a Jamus da Jamhuriyar Cek, aka yi ta sarewa ana yankawa, dusa ta yi arha, ƙwaya ta yi arha. Mutane suka ɗauki wannan araha a matsayin farashin dindindin. Da Babban Bankin Turai ya fara ƙara kuɗin ruwa a Yulin 2022, gini ya ja baya, injinan yanka suka rage aiki, dusa ta yi ƙaranci daidai lokacin da aka fi nemanta. Kuma ba masu ƙwaya kaɗai ke neman dusar ba, masu yin allon katako da masu takarda suna cikin layin.

Na biyu, masu amfani sun ƙaru da sauri fiye da masana'antu. Jamus ta ba da tallafin da ya kai kashi 45 cikin ɗari ga wanda ya cire tukunyar mai ya sa ta ƙwaya. Faransa ta kawo shirin tallafin gyaran gidaje mai suna MaPrimeRénov' a 2020, sannan ta hana sa sabuwar tukunyar mai daga 1 ga Yulin 2022. Sa murhu aikin kwana ɗaya ne, gina masana'antar ƙwaya kuwa yana cin shekaru.

Na uku shi ne yaƙin Yukren. Rasha da Belarus da Yukren suna tura wa ƙasashen Tarayyar Turai kimanin tan miliyan 3 a shekara kafin yaƙin. Tarayyar ta haramta shigo da kayan itace daga Belarus, sannan a jerin takunkumi na biyar da aka amince da shi a Afrilun 2022 ta haɗa da na Rasha, haramcin ya fara aiki sosai a Yuli. Jamus da Ostiriya suna yin ƙwayar da ta ishe su, amma kasuwar Turai a buɗe take. Italiya, wadda a lokacin ta fi kowace ƙasa ƙona ƙwaya a gidaje kuma take shigo da mafi yawan abin da take ƙonawa, ta juya ta nema a Ostiriya da Jamus da ƙasashen Baltik. Tashoshin lantarki ma suka shigo neman madadin, kuma da yake kuɗin wuta ya yi tashin gwauron zabi, suna iya biyan farashin da magidanci ba zai iya ba. Mai son kawowa daga Amurka kuma ya tarar dala ta kamo euro a daraja.

Na huɗu, yin ƙwayar kansa yana cin makamashi: busar da dusa, juya injin matsa da lantarki, ledar buhu, dizal na tanka. A Agustan 2022 farashin gas a babbar kasuwar Turai ya haura euro 300 kan megawat-awa ɗaya, ya ja lantarki sama tare da shi.

Na ƙarshe shi ne tsoro. Wanda ya saba sayen jeri ɗaya ya sayi biyu ko uku tun cikin bazara. Wanda yake da gas a gida ya sayi murhun ƙwaya domin ko-ta-kwana. Duk wanda ya ga yadda gawayi ke tsada a Kano ko Kaduna da zarar gas ɗin girki ya tashi ya san wannan hali: idan makamashi ɗaya ya gagara, jama'a kan koma kan na kusa da shi su ɗaga masa farashi. Babu shakka wasu dillalai sun ci ribar rububin, amma ko babu su, kayan da ke ƙasa ba su kai buƙata ba a watannin nan.

Saukar ma ta zo da sauri. Hunturun 2022 zuwa 2023 bai yi tsanani ba, gidaje cike suke da kayan da aka tara, oda ta tsaya cak. Zuwa 2024 tan ya dawo kusan euro 300 a Jamus. Amma amana ta riga ta taɓu. Cinikin sababbin tukwane ya faɗi warwas a 2023, har kamfanin Windhager na Ostiriya, ɗaya daga cikin tsofaffin masu ƙera su, ya shiga halin kasa biyan bashi a farkon 2024. Kamfanin Enviva na Amurka, wanda ya fi kowa yin ƙwayar tashoshin lantarki, shi ma ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a Maris na shekarar.

Yadda ake gane ko har yanzu da riba

Kuskuren da aka fi yi shi ne kwatanta farashin tan na bana da na bara a tsaya nan. Abin da ya kamata a kwatanta shi ne kuɗin zafi yunit ɗaya. Tan ɗaya yana ba da kimanin kilowat-awa 4,800. Idan an saye shi euro 300, yunit ya kama santi 6 da ɗan wani abu (santi 100 ne euro ɗaya). Idan euro 760 ne, ya kama kusan santi 16. Lita ɗaya ta mai tana ba da kilowat-awa 10, saboda haka mai na euro ɗaya santi 10 ne kowane yunit. A taƙaice, ka ninka farashin litar mai sau 480: idan tan ɗin ƙwaya bai kai wannan ba, ƙwaya ta fi araha. A kakar 2022 litar mai tana wajen euro ɗaya da rabi ko fiye, ke nan ko a ƙololuwar tsadarta ƙwaya ta kamo mai ne kawai. Abin da ya ɓata wa mutane rai shi ne ratar da suka dogara da ita ta ɓace.

Ratar kuwa ita ce komai, domin tukunyar ƙwaya da ɗakin ajiyarta sun fi tukunyar gas tsada nesa ba kusa ba. Aikin yakan haura euro 20,000 kafin tallafi. Gidan da ke cin tan 5 yana buƙatar yunit 24,000 a shekara. Ratar santi 4 tana nufin rarar euro 960 a shekara, daga ciki kuma za a cire kuɗin gyaran shekara-shekara da na mai share bututun hayaƙi, wanda doka ta wajabta a Jamus. Tsohon gida babba mai shan zafi da yawa yana mayar da kuɗinsa. Ƙaramin gida sabo da aka toshe wa kafofin sanyi da kyar zai mayar, na'urar jawo zafi daga iska ta fi dacewa da shi.

Ga mai buhu lissafin ya fi sauƙi: buhu mai kilo 15 yunit 72 ne. Na euro 5 ya kama santi 7, na euro 12 ya kama kusan santi 17. Murhu mai kyau yana fitar da kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na wannan zafi zuwa cikin ɗaki, sauran ya bi hayaƙi.

Abin da gwamnatoci suka yi

Faransa ta raba takardar tallafi ta euro 50 zuwa 200 ga masu ƙaramin ƙarfi da ke ɗumama gida da itace, daga ƙarshen Disambar 2022. Italiya ta rage harajin ciniki a kan ƙwaya daga kashi 22 zuwa 10 a kasafin 2023. Jamus ta ɗauki santi 24 kan kilo a matsayin farashin 2021, ta ce duk abin da mutum ya biya sama da ninkin wannan za ta mayar masa da kashi 80 cikin ɗari, iyaka euro 2,000. Wanda ya sayi tan 5 a kan euro 760 ya wuce layin euro 480 da euro 280 a kowane tan, jimla 1,400, sai a mayar masa da 1,120. Taimako ne na gaske, amma duk ya zo bayan an riga an biya. Ƙasashen nan suna da dokar ajiye mai na ko-ta-kwana, ƙwaya kuwa an ƙarfafa wa dubban gidaje gwiwa su dogara da ita ba tare da irin wannan tanadi ba. A ganinmu nan ne babban giɓin yake.

A gefe guda kuma, harajin hayaƙin kabon da Jamus ta ɗora wa mai da gas, wanda ya fara da euro 25 kan kowane tan na hayaƙin a 2021 ya kai 55 a 2025, bai shafi ƙwaya ba. Dokar ɗumama gidaje ta Jamus da ta fara aiki a Janairun 2024, wadda ta buƙaci sabuwar na'ura ta yi aiki da kashi 65 cikin ɗari na makamashi mai sabuntuwa, ta lissafa ƙwaya a ciki bayan doguwar taƙaddama.

Masu suka da masu karewa

Masu karewa suna cewa dusa ragowa ce, in ba a ƙona ta ba ruɓewa za ta yi ta saki kabon ɗin, kuma bishiyar da aka dasa za ta sake shanye shi. Masu suka suna cewa hayaƙin yau yake fita, bishiya kuwa sai ta shekara gommai kafin ta rama, sannan idan buƙata ta wuce dusar da ke akwai dole a koma niƙa gungume sukutum. Hukumar muhalli ta tarayyar Jamus ta fito a 2022 ta shawarci mutane su guji ɗumama gida da itace, musamman saboda ƙurar hayaƙi mai shiga huhu.

Ɓangarorin biyu sukan yi magana ne a kan abubuwa daban. Magidancin da ke ƙona dusar injin yanka mai nisan kilomita 50 daga gidansa ba ɗaya yake da tashar da ke ɗauko miliyoyin tan ta jirgin ruwa daga wata nahiya ba. Haka kuma ƙurar da tukunyar ƙwaya ta zamani ke fitarwa ba ta kai kusa da ta tsohon murhun faskare ba, ko da yake ta fi ta gas. Gaskiyar da masu karewa ba sa son nanatawa ita ce dusa tana da iyaka. Ƙwaya za ta iya ɗaukar wani kaso na gidajen Turai, ba za ta iya ɗaukar duka ba, kuma duk lokacin da aka tura mata fiye da ƙarfinta farashi ne zai fara nunawa.

Inda ake tafka asara a cikin gida

Lokacin saye ya fi komai. Farashi yakan sauka tsakanin Mayu da Yuli, ya hau daga Oktoba zuwa Fabrairu. Makwabta da suka haɗa oda a titi ɗaya suna samun rangwame domin tanka sau ɗaya za ta zo. A 2022 an samu shagunan bogi da yawa a intanet masu tallata ƙwaya da rabin farashi, su karɓi kuɗi tun kafin kawowa su ɓace. Tambarin ENplus na gaske yana ɗauke da lambar kamfani da harafin ƙasa, ana iya duba ta a rajistar masu tambarin kafin a biya ko sisi.

Buhu mai kyau ana gane shi da ido. Idan gari ya taru a gindinsa, ko ƙwayar ta dusashe ta tsattsage, ruwa ya taɓa ta ko kuma matsar ba ta yi ba. Garin yana toshe ƙarfen da ke turo ƙwaya, wuta ta riƙa mutuwa. Ƙwaya mai ɓawo ko ƙasa a ciki tana barin toka mai narkewa ta daskare kamar dutse a kaskon wuta ta rufe ramukan iska, gilashi ya yi baƙi, murhu ya ƙi kamawa. Ana share kaskon kowace rana ko bayan kwana biyu, a share bututun hayaƙi aƙalla sau ɗaya a shekara. Buhu ba a ajiye shi kan siminti kai tsaye ko jingine da bango mai danshi, domin ƙwayar da ta sha ruwa kumbura take ta koma dusa, ba ta da gyara. Murhun kuma da lantarki yake aiki, idan wuta ta ɗauke shi ma ya tsaya.

Ga mai ɗakin ajiya, mesar tanka kada ta wuce mita 30, domin tsawo da yawan lanƙwasa suna farfasa ƙwaya. A rataya tabarmar roba a gaban bangon da ƙwayar ke bugawa, a kashe tukunya kafin a fara hurawa, a kuma kwashe garin da ke taruwa a ƙasan ɗakin bayan kowane cikawa biyu ko uku.

Haɗarin da ya fi girma ba ya da wari. Ƙwayar da aka tara a rufaffen wuri tana fitar da iskar kabon monoksaid ko babu wuta, musamman sabuwar kawowa a lokacin zafi, kuma mutane sun rasa rayukansu a irin waɗannan ɗakuna a Turai. Dole murfin bututun cikawa ya zama mai barin iska ta fita, a buɗe ƙofa aƙalla minti 15 kafin shiga, wani ya tsaya a waje yana kallo, kuma kada a shiga babban rumbu a makonni huɗu na farko bayan cikawa sai da na'urar auna iskar.